Ma'abota bindigar toka: ɗurin da ya taɓa fasa muku bututu

Mai buɗe zance, daga Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa maharba. Yara sun fara kawo muna ma'aunin albarushi da suka gani a bidiyon Amurkawa, suna son gwadawa ga bindigogin gida. Abin ya dame ni. Duk wanda ya ga ɓarna da idonsa ya faɗi yadda ta faru.

Maƙeri daga Wurno:
Wa alaikumus salam. Wancan lissafi na bindigar masana'anta ne. Mai faɗin baki rabin inci, dunƙulen dalmarta bai cika giram 12 ba, masu ita kan fara da albarushi wajen giram 3, kuma kamfani ya rubuta iyakar da ba a wucewa. A Ingila tun 1813 akwai gidan gwajin bututu a Birmingham, sai an yi masa ɗurin da ya fi ƙima ya jure kafin a buga masa hatimi. Namu fa? Da yawa bututun ruwa ne mai ɗinki a tsaye, ba wanda ya gwada shi. Duk wanda aka kawo mani a tsage, ta ɗinkin nan ya buɗe, kusa da inda hannun hagu ke riƙewa.

Tsohon maharbi daga Tambuwal:
Gaskiyarka Sarkin Maƙera. Ɗan ƙanena ya ƙara dalma wai don ya kada gyado, albarushin bai ƙara ba, yana ganin ba komai. Nauyin harsashi shi ma ƙarin matsi ne a ciki. Yatsu biyu ya rasa.

Wani daga Gwadabawa:
Ni ɗuri biyu na gani ranar hawan Sallah. Bindigar wani ta ƙi tashi cikin hayaniya, mai ita ya ɗauka ta tashi, ya sake ɗurawa. Tun ran nan kowa a ƙungiyarmu ya yi wa sandar ɗuri tsaga biyu, ɗaya ta bindiga wayam, ɗaya ta ɗuri guda. In sanda ta tsaya sama da tsagar ɗuri guda, ba a taɓa kunama. Kuma harsashi ya zauna daram kan albarushi, in aka bar fili tsakaninsu nan bututu ke kumbura.

Tsohon maharbi:
Baba na gaya muku, kar wanda ya farke harsashin bindigar zamani ya juye garinsa a bindigar toka. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba.

Matashi daga Bodinga:
Baba, da damina tawa kan yi jinkiri kafin ta tashi.

Tsohon maharbi:
Danshi ne, ɗana. Ka bar bakinta yana kallon daji, ka jira minti guda cur, kar ka leƙa. Kar kuma ka zuba albarushi daga gora kai tsaye, wataƙila garwashi na nan cikin bututu. Auna a ma'auni, ka rufe gorar.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri. A tuna doka ta ce sai da lasisi ake riƙe bindigar toka. Mutanen Illela da Isa, muna jiran naku.