Tsimin Tufafi Irin na Zamanin Yaƙi a Birtaniya

Ranar 1 ga Yuni 1941 gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade sayen tufafi: tikiti 66 ga mutum a shekara, daga baya ma aka rage, ba a soke tsarin ba sai a 1949. Ga wasu dabarun tsimin tufafi na lokacin, farawa da warware tsohuwar suwaita don a sake saƙa da zarenta.

A farke ɗinkin da ya haɗa sassanta, a fara jan zare daga inda aka ƙare saƙa, galibi wuya ko kafaɗa. A naɗe shi a bayan kujera, a ɗaure wuri huɗu, a jiƙa minti 20 a ruwa mai ɗan ɗumi, a rataya a inuwa. In ba a jiƙa ba, zaren zai zauna a nannaɗe, sabuwar saƙar ta fito a karkace. Ruwan zafi da cuɗawa kuwa dunƙule ulu suke yi, kuma ba ya gyaruwa. Suwaitar kamfani da aka yanka aka haɗa da keke, kada ma a ɓata lokaci, guntaye kawai za a samu.

Zanen gado tsakiyarsa ke fara mutuwa. A tsaga shi biyu ta tsawo, a haɗa gefunan su koma tsakiya da ɗinki kwantacce, don kada ya dami mai barci.

Kwalar da ta goge, a farke ta a juya. Ƙyallen faci kuma a wanke shi tukuna, in ba haka ba, zai tsuke ya ja rigar; ya kuma zarce ramin da santimita 2 ta ko'ina.