Laptop 40, Litinin ɗalibai za su dawo: a sayi sabon suwic ko in bi su da filasha?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum 'yan uwa. Laptop 40 aka kawo makarantar da nake aiki a Birnin Kebbi, ana so in zuba masu Windows iri ɗaya kafin Litinin. Na haɗa sabar FOG, wadda ke zuba wa kwamfutoci Windows ta wayar netwok, na kwashi hoton guda, wato kwafin duk abin da ke cikin faifanta. Tsofaffi 26 in na danna F12 suna tashi ta waya lafiya lau. Sababbi 14 kuwa sai su rubuta "Start PXE over IPv4", su yi jim, su wuce abinsu. Waya ɗaya, suwic ɗaya (akwatin da ke haɗa wayoyin netwok). Mai makaranta ya ce in suwic ne in faɗa ya saya. In sa shi kashe kuɗi ko kuwa?

Na Jega: Canza waya kawai. Rabin matsalar wagga sana'a waya ce.

Ɗan Argungu: Malam, wayar da ta tada 26 ce fa.

Baban Ummi: Ƙanena, gode wa Allah kana iya shiga BIOS ɗinka, wurin saitin tashin kwamfuta. Ni bara a Gusau 30 na karɓo, duk na hannu. Goma sha ɗaya an kulle BIOS da kalmar sirri, dillalin ya rantse bai sani ba. Sauran kuma batirin CMOS, ƙaramin da ke riƙe saiti, ya mutu, babban batirin ma fanko. In saita su tun Magariba, wuta ta ɗauke, su manta komai, har kwanan wata. Kwana uku a kan tabarma tsakanin tebura nake kwana, sauro na cizo. Da na kira mutumin sai ya ce ai a kunne na gan su na biya. Daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba, kuma mun haɗu a ɗaurin aure, ya miƙo min hannu ko kunya babu.

Maman Sadiq: Kada a sayi komai. Tsofaffin a Legacy suke, tsohon tsarin tashi, sababbin kuwa sabon tsarin UEFI ne. Duba zaɓi na 67 a DHCP, mai raba adireshi, nan ake sa sunan fayil ɗin tashi; ina kyautata zaton undionly.kpxe ke ciki, wanda UEFI ba ta san shi ba. Ita ipxe.efi take so. Kashe Secure Boot, makullin tsaron tashi da ke cikin BIOS, kafin ka gwada. Kuma hoton da ka kwasa daga tsohuwa ba lallai ya tashi a sabuwa ba, yi masu nasu daban.

Na Jega: Hajiya, wannan karatun takarda ne. Shekara 12 ina gyara a kasuwa. Ya mayar da su Legacy a huta.

Maman Sadiq: Windows 11 ba a Legacy aka yi ta ba, Malam, ita kuma 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Wasu sababbin ma ba Legacy ɗin a cikinsu.

Yaron Yauri: Oga sayi adaftar USB ta wayar netwok, dubu 6 ce.

Baban Ummi: Wace dubu 6? Dubu 14 na saya, kuma ba kowace ke tada kwamfuta ba. In guda kake yawo da ita, sabar za ta ɗauka kwamfuta ɗaya ce, don lambar MAC, wato lambar shaidar adaftar, take gani.

Ɗan Argungu: Nawa duk suna da ramin waya, jama'a.

Sarkin Zolaya: A tofa wa suwic ɗin addu'a, in ya ƙi a kai shi Matan Fada a yi masa wanka.

Yaron Yauri: Ni tambayata, nawa za a biya ka? Masu makarantun nan sai su sa ka kwana, ƙarshe a ce Allah ya yi albarka.

Baban Ummi: Ni har man janareta daga aljihuna ya fita. Har yau ana "za a duba".

Ɗan Argungu: Hajiya, ƙaramar rauta ce ke raba adireshi a nan, na duba ko'ina ban ga wurin sa 67 ba. Na ji ana zancen wata manhaja, dnsmasq, da ke cike wannan gurbin, a kan sabar ake ɗora ta?

Na Jega: Baban Ummi, nawa kuke shan lita yanzu a Gusau?