Neman kalma kafin ƙarfe huɗu: me za mu ce wa "motivation"?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin matsi. Mun naɗi hira da wani mai zanen hoto da fenti a nan Jos, wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki wata tara da suka wuce. Ɓangaren dama ne ya tafi, kuma da hannun daman yake zane. Da Turanci ya yi magana, ni aka ba in ɗora Hausa a kai, furodusa na jiran rubutun kafin ƙarfe huɗu. Kalma ɗaya ta maƙale mini: "motivation". Ya faɗe ta ya fi sau goma. Wani wurin yana nufin abin da ke tashinsa da safe ya ɗauki buroshi da hagu, wani wurin yana cewa ta gudu ta bar shi, ya yi sati biyu ko murfin fenti bai buɗe ba. A taimaka wa 'yar'uwa.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam. Ƙwarin gwiwa mana, Anti. Ai wannan ba abin tara jama'a ba ne.

Mai Fassara: Shi na fara sawa, ƙanena. Amma mutum ne da gwiwarsa ta dama har yanzu ba ta ɗaukarsa sai da sanda. Na karanta "ƙwarin gwiwata ya tafi" da ƙarfi, na ji kamar rahoton asibiti nake karantawa.

Hajiyar Bukuru: Karsashi. "Karsashina ya tafi, na yi sati biyu ban taɓa fenti ba." Ji yadda ya zauna.

Allah Gafarta: Karsashi yanayi ne, Hajiya, yau akwai gobe babu. Ita kalmar Turawan tana nufin abin da ke sa mutum motsi. Na daɗe ina faɗa a wannan zaure cewa mu daina faci, mu ƙera kalma. Ga tawa: INGIZAU. Daga "ingiza". A nahawu muna da aikatau, muna da bayanau, kunne ya saba da ƙirar. Ingizau na ciki, ingizau na waje. Na yi shekaru ina koyar da ita a aji.

Ɗan Gangare: Allah gafarta Malam, da an ce ingiza abin da ke zuwa wa Bahaushe shi ne ingiza mai kantu ruwa. Za a ɗauka wani ne ya zuga bawan Allahn nan ya hallaka kansa da zane.

Allah Gafarta: Yaro, karin magana ɗaya ba ta kashe saiwar kalma.

Abu Zazzau: Himma. Me ya sa kowa ke tsallake himma? Himma ba ta ga rago, an ce.

Allah Gafarta: Himma Balarabiya ce. Mun gudu daga Bature mun faɗa hannun Balarabe.

Abu Zazzau: To Malam sai ka cire "kalma" da "nahawu" da "lokaci" daga bakinka mu ga da me za ka koyar. Kalmar da kakar kakata ta yi wa jikokinta faɗa da ita, yau ita ce baƙuwa?

Likitar Gashi: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malamar harshe ba ce, a sashen gashin ƙashi na asibiti nake aiki, masu irin wannan ciwon nake gani kullum. Abin nan iri biyu ne a wurinmu. A watannin farko, uku zuwa shida, jiki ya fi saurin dawowa, yau yatsa ya motsa, jibi an iya riƙe cokali, gida cike da 'yan dubiya. A lokacin ba sai an roƙi mutum ba, shi ke rigan mu zuwa. Wannan karsashi ne, Hajiya ta yi gaskiya. Daga baya sai abin ya ja, 'yan dubiya su ɗauke ƙafa, a ce ya maimaita motsi ɗaya sau ɗari kuma bai ga bambancin jiya da yau ba. Ga sanyin Jos ɗin nan na Disamba, hannu ya sandare, bargo na kira. Da yawa a nan ciwon damuwa ke kama su, kuma ba lalaci ba ne. Wanda ya ci gaba da zuwa a wannan lokacin, ba karsashi ke kawo shi ba.

Na taɓa samun mai zanen alluna, irin masu rubuta sunan shago. Yatsunsa ba sa iya damƙe buroshi saboda sirantarsa. Muka naɗe marfin da soso, muka ɗaure da robar tayar keke har ya kai kaurin taɓaryar ƙaramin turmi. Ranar farko layi ɗaya ya ja, a karkace, ya jefar da buroshin ya ce a kira ɗansa ya mai da shi gida. Bayan kwana uku ya dawo da buroshin a aljihu, ya canza robar da kansa. Da na tambaye shi, cewa ya yi "zuciya ce ta ƙi kwanciya". Ban san kalma ɗaya da za ta ɗauki wannan ba.

Ɗan Gangare: Tunda zuciya ce ta tashi, a ce tashin zuciya.

Hajiyar Bukuru: Kai, Allah ya shirye ka. Sai a kawo masa lemon tsami.

Allah Gafarta: Kun gani? Bayanin Likita shi ne hujjata. Ingizau na waje ya ƙare, na ciki ya rage. Kalma ɗaya ta ɗauke duka.

Bakanon Dabo: Ni abin da ke ba ni mamaki, a Jos ake neman daidaitacciyar kalma. Ku da "mace ya zo" bai dame ku ba. Ku turo mana Kano mu gyara muku. Ƙaimi ake cewa. Ƙara ƙaimi.

Hajiyar Bukuru: Ranka ya daɗe, ƙaimi a ƙafar mahayi yake, cikin doki ake soka wa. Wa ke hawan mai zanen? Batun Hausar Jos kuwa, iyayenmu sun zo haƙar kuza tun kafin a haifi kakanka, da Hausarsu suka zo, ba su bar ta a tasha ba.

Bakanon Dabo: Daidaitacciyar Hausa dai a kan karin Kano aka gina ta, ba ni na ce ba.

Ɗan Pankshin: Ni Bangas ne, da Hausa na tashi, da ita muke waƙa a coci, da ita nake ciniki a Farin Gada. Shirin nan mu ma muna ji, har Mangu da Langtang. In kuka ce ingizau, mahaifiyata za ta ɗauka sunan magani ne. Karsashi ma sai ta tambaya. Himma kuwa ta sani, ƙarfin zuciya ta sani. Wa kuke yi wa fassarar, mu ko kwamitin jarrabawa?

Allah Gafarta: Da haka ake kashe harshe. Kowa ya ce a sauko, a sauko, har mu wayi gari ba mu da kalmar ilimi ko ɗaya.

Abu Zazzau: Malam, minti arba'in suka rage wa baiwar Allahn nan.

Mai Fassara: Talatin da biyar. Wani abu kuma: a hirar ya ambaci masu zane uku da yake kallon hotunansu in abin ya gudu. Frida Kahlo ta Meziko, da motar haya ta yi hatsari da ita a 1925 tana da shekara 18, aka kafa mata madubi a saman gado ta riƙa zana fuskarta tana kwance. Matisse na Faransa, da bayan tiyatar 1941 tsayuwa ta yi masa wuya, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi. Da Chuck Close na Amurka, da jikinsa ya shanye a 1988, aka riƙa ɗaura masa buroshi a wuyan hannu. Ya ce su ne "motivation" ɗinsa. Nan fa ba himma ba ce, ba karsashi ba.

Hajiyar Bukuru: Nan kam mai sauƙi ne. "Su nake kallo in ji ƙarfi." Ko "su ke zaburar da ni". Kar ki nemi suna inda aikatau zai yi.

Allah Gafarta: Su ne ingizansa.

Ɗan Gangare: Malam har jam'i ya yi mata.

Mai Fassara: To ga abin da na yi, wanda bai gamsu ba ya yafe ni. Inda ya ce ta gudu, na sa "karsashi ya tafi", na ƙara "jikina ya mutu da zanen" saboda su Mama a Pankshin. Inda yake maganar tashi da safe, himma. Wurin mutum ukun, na ɗauki ta Hajiya. Wuri ɗaya na ari maganar mai allunan Likita, zuciya ta ƙi kwanciya, in ba ta hana ba.

Likitar Gashi: Na ba ki. Ba tawa ba ce ma.

Bakanon Dabo: Kalma huɗu a madadin ɗaya. Ba laifi, amma ƙaimi ya fi.

Allah Gafarta: Wannan ba fassara ba ce, rabon gado ne. Ranar da za ki fassara littafin ilimin halayyar ɗan Adam, inda kalmar za ta zo a kan babi, za ki neme ni.

Mai Fassara: Zan neme ka, Allah gafarta Malam, da goro. Kafin nan akwai saura ɗaya: "independence". Ba ta 1960 ba. Yana nufin ranar da ya fara ɗaukar buta ya zagaya ba wanda ya riƙe shi, ya kuma ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. 'Yancin kai ya yi girma, "tsayawa da ƙafafunsa" kuma matsalar gwiwa ce ta dawo.

Ɗan Gangare: Cin gashin kai. Tunda dama gashi yake zuwa.

Likitar Gashi: Mu dai a ɗaki cewa muke "ya fara yi wa kansa".

Abu Zazzau: Dogaro da kai.

Allah Gafarta: Wannan ta masu koyar da ɗinki da kiwon kaji ce. Ina da wata, ku ba ni minti biyar.

Mai Fassara: Furodusa na tsaye a kaina. Na sa ta Likita, na tura.