Kafireta na yoyon fetur: ta ina za a fara nema?

Mai Beetle: Assalamu alaikum 'yan zaure. Volkswagen Beetle ce mai kafireta Solex 34 PICT-3. In aka kashe inji, bayan kamar minti 10 sai warin fetur ya tashi, gindin kafiretar ya jiƙe. In aka zo tayar da ita da zafinta sai an daɗe ana murza ki, ta kama da baƙin hayaƙi. Ta ina ya kamata a fara?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna, Malam. Fetur gangarowa yake yi, inda ka ga jiƙa ba lallai nan ne mafarinsa ba. Fitar da motar fili, ajiye abin kashe gobara mai hoda kusa da kai, ban da ruwa. Wanke jikin kafiretar, ka bari ta bushe ƙayau, sannan ka barbaɗa mata farar hoda tun daga bakin tiyo har gindi. Ta da inji minti 2 ko 3, ka kashe, ka tsaya kana kallo. Wurin da ya fi kowanne tsayi da hodar ta fara yin duhu, nan ne ciwon.

Daga nan cire matatar iska, ka haska maƙogwaron kafireta da tocila, inji a kashe. Kada ka kai fuskarka wurin ana murza ki, wuta kan dawo ta nan. In ka ga fetur na ɗiga daga ɗan bututun da ke tsakiyar maƙogwaro, to ambaliya ce: kwanon mai, wato ɗan wurin da kafireta ke tara fetur, ya cika ya wuce iyaka. Man da ya ɗigo yana taruwa a kan farantin totur, ya bi sandarsa ya fito ta gefe. Shi ya sa mutane da yawa ke ɗora wa sandar totur laifi, alhali hanya kawai ta bayar.

Mai Walda: Gaskiyar Baba ke nan. In ambaliya ce, abu uku ake tuhuma: allura (wadda ke rufe hanyar shigar mai in kwano ya cika), fulot (abin da ke yawo a kan mai yana tura allurar), da ƙarfin famfon fetur. Cire kan batir na nagetif, ka kwance murfin sama. Kife murfin, ka danna allurar a hankali, ka sa guntun tiyo mai tsabta a bakin shigar mai ka hura. Bai kamata iska ta wuce ko kaɗan ba. In ka saki, ta wuce. In tana wucewa a rufe, duba kan allurar: ko ya yi zobe saboda ci, ko ɗan tsatsa ko ɓarɓashin roba ya maƙale a mazauninta. Ƙwayar datti da ido da ƙyar yake gani ta isa ta hana ta rufewa. Kuma in dattin daga tanki ko tsohon tiyo yake zuwa, sabuwar allura ma za ta sake yi, sai an canja filtar mai da tiyon.

Fulot kuwa, in na tagulla ne girgiza shi kusa da kunne. In ka ji motsin ruwa a ciki, ya huje. In ba ka ji ba, nutsa shi a ruwan zafi. Iskar ciki za ta kumbura ta fito da kumfa ta ramin. Na baƙar roba marar rami a ciki ba ya kumfa, tsotse mai yake yi ya yi nauyi, sai dai ka auna shi da sabo a kan ƙaramin sikeli.

Alhaji Mai Fijo: Ni dai na fi zargin famfo. Sabbin famfunan da ake sa wa waɗannan motoci sau da yawa sun fi ƙarfin allura. Solex irin wannan wajen psi 3 take so (psi ma'aunin ƙarfin turin mai ne). Sa geji tsakanin famfo da kafireta da mahaɗi mai baki uku, ka karanta inji na aiki a silo, ba a taka totur ba. In ya kai 5 ko ya wuce, ko allurar sabuwa ce fil za a ture ta. A Beetle ana rage ƙarfin ne da ƙara gasket a ƙarƙashin famfo. Juya inji da hannu har sandar tura famfo ta kai ƙololuwa, in ta injin mai dainamo ce, ya kamata ta leƙo milimita 13 a kan mazauninta. A kuma kula, sandar iri biyu ce: milimita 108 ga famfon injin mai dainamo, 100 ga na mai altaneta. In aka haɗa doguwar sanda da famfon da ba nata ba, za ta takura shi har ta lalata shi.

Mai Beetle: Na gode ƙwarai. To in allura da fulot lafiya, geji ma ya nuna daidai, amma in an kashe sai ta ɗiga fa?

Tsohon Bakanike: Sai ka bar gejin a jiki bayan ka kashe. Fanka ta tsaya, zafin inji ya taso, man da ya maƙale tsakanin famfo da allura ya kumbura, za ka ga allurar geji na hawa. Wani lokaci ma in ka kasa kunne za ka ji man na tafasa a kwano. Nisanta tiyo daga duk ƙarfe mai zafi, ka tabbatar faifan ƙarfen da ke rufe kewayen inji da robarsa suna nan, don su ke hana zafin salansa hawowa. Buɗe murfin tanki kuma. In ya yi huci, mashaƙar tanki ta toshe, ita ma tana tura mai. A wannan Solex ba a lanƙwasa hannun fulot don saita tsayin mai, kaurin woshar da ke ƙarƙashin allura ne ke yin aikin. Mai kauri tana saukar da mai, siririya tana ɗaga shi. Dubi lambar kafiretarka ka sa wadda littafinta ya ce, kada ka ɗauki duk wadda ta fara zuwa hannu a cikin kit.

Mai Walda: Akwai wanda bai kamata a tsallake ba, don shi ke ƙona Beetle. Ɗan bututun tagulla da tiyo ke shiga, cusa shi kawai aka yi a jikin murfi, ba zare gare shi ba. Kama shi ka jijjiga. In ya motsa ko kaɗan, kada motar ta hau titi. Ranar da ya fice, famfo zai watsa fetur a kan distiributa. Gyaran da ya fi riƙo shi ne a yanka zare a sa bututu mai ɗauri. Kada kuma a rataya filta a tiyon da ke tsakanin famfo da kafireta, nauyinta ne ke girgiza bututun har ya saki.

Malama Injiniya: Ƙari ga masu wasu kafiretocin, tunda kowacce da inda take yawan zuba. SU ba ta son fiye da psi 3. Duba bututun ambaliya na kwano da siririn tiyon da ke kai mai daga kwano zuwa jet, ɗan ramin da ke auna man da ke shiga inji. Weber 32/36 ita ma wajen 3 ce, tsayin fulot ɗinta milimita 41 in na tagulla ne, 35 in na roba. Holley na ɗaukar 6 zuwa 7, kuma mai ya tsaya daidai ƙasan ramin dubawa na gefen kwano. Rochester Quadrajet kan zuba ta toshiyar da ke ƙarƙashin kwano, alamarta kwano ya wayi gari babu mai. A Solex ɗin Mai Beetle kuwa, in hoda ta yi duhu a murfi mai kusoshi 4 na gefe, dayafaram, wato faifan roba, na famfon totur ne ya tsage. Fetur mai gaurayen etanol kashi 10 yana busar da tsohuwar roba, don haka a nemi tiyo mai rubutun SAE J30 R9 a jikinsa.

Alhaji Mai Fijo: In zubar daga gasket ɗin murfi ce, kada a ƙara ɗaure kusoshi da ƙarfi, ƙarfen mai taushi ne, lanƙwashewa yake ko zare ya ci. Ɗora rula ta ƙarfe a fuskar murfin ka haska ta baya. In haske na wucewa, shimfiɗa sanfefa mai lamba 400 a kan gilashi ka goga a hankali har ya daidaita. Sabon gasket a bushe, ban da gam ɗin silikon, fetur narkar da shi yake ya toshe jet. A ɗaure kusoshin a giciye, kaɗan-kaɗan.

Tsohon Bakanike: Kafin ka sake tayar da ita, ɗana, zaro sandar auna baƙin mai ka sansana. In yana warin fetur, ko ya haura alama, ko ya tsinke, fetur ya sauka cikin inji, ko ta manifol ko ta dayafaram ɗin famfo da ya fashe. Juye shi ka zuba sabo, lita 2.5 take ci. Har ka gama gyaran, kada ka ajiye ta hanci sama a kan gangara, don tankin a gaba yake, man zai riƙa gangarowa da kansa. Matse tiyon da ke fitowa daga tanki da abin matse tiyo duk lokacin da za ta kwana.