Takardar faɗakarwa za mu buga a unguwa: "kwalara" za mu sa ko "amai da gudawa"?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Matasan layinmu mun haɗa naira dubu 45 don buga takardun faɗakarwa kafin damina ta kankama. Za mu raba ran Juma'a a ƙofar masallaci, ran Lahadi kuma a coci biyu da ke kusa, tunda rijiya ɗaya muke sha. A kan kanun takardar muka maƙale. Wasu sun ce a sa KWALARA da manyan baƙaƙe, wasu sun ce tsofaffi ba za su ɗauka ba, a sa AMAI DA GUDAWA. Rabin shafi ce, kuma jibi zan kai wa mai bugawa. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai Kemis:
Ku sayi ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, da kuɗin ku raba gida-gida. Takarda ƙosai za a naɗe da ita.

Tsohon Malami:
Yaro, ku sa kwalara, ta riga ta zama Hausa. Bature ma aro ya yi daga Girkanci. Mutanen Faransa "kolera" suke cewa, Larabawan yau "kulira", ko da yake a tsofaffin littattafan likitancinsu "haida" ce, kuma daga nan mutanen Indiya da Pakistan suka samo "haiza". Mu kuwa bakinmu ya lanƙwasa ta kamar yadda ya yi wa kwaleji da kwamiti da kwastan. A ƙarshen 1970 cutar ta shigo Najeriya ta wajen Legas, a 1971 ta game ƙasa. Ina firamare lokacin, a rediyo na fara jin sunan.

Baƙin Bature:
Maƙwabciyata Bayarabiya a Nasarawa "onigbameji" take ce mata, wai mai ƙwarya biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Ku rubuta haka kawai, kowa zai tsaya ya karanta.

Sarkin Zolaya:
Ka rufa mana asiri, kada masu fura su kai mu kotu.

Anti Nas:
Ƙanena, sa duka biyun, haka ake yi a rediyo: cutar amai da gudawa, wato kwalara. Amma ka sani ba kowane amai da gudawa ne kwalara ba. Ita zawonta fari ne tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, galibi ba zazzaɓi, kuma tana iya ƙarar da babban mutum cikin sa'o'i. In ka rubuta amai da gudawa kaɗai, uwa za ta ce ai yarona yana yi duk fitar haƙori. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum dubu 111 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu. Ka sa lambarsu ta kyauta a ƙasa, 6232.

Uwar Biyu:
Ni dai sunan nan ne ya ci ƙanin mijina, Allah ya jiƙansa. Bayan la'asar ya fara, a wannan shekarar da Anti ta ambata. Na ce wa Hajiya surukata wannan fa kamar kwalara ce, sai ta daka mini tsawa, wai kada in sake ambaton wannan suna a gidanta, sanyin ciki ne. Tsoronta a ji a unguwa a daina sayen wainarta. Aka jiƙa masa sassaƙe, aka karɓo maganin Flagyl a kemis. Kafin sha biyun dare idanunsa sun faɗa, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya, ƙafafunsa suna ɗaurewa yana kuka. Ba Keke a hanya. Da asuba muka isa asibiti, suka yi ta neman jijiyar da za su sa ruwa ba su samu ba. Saurayi mai shekara 23, saura wata biyu bikinsa. Abin da Hajiya ta guda kuma bai fasa ba, wainar ta daina fita, 'yan gaisuwa ma ruwan gidanmu ba sa sha. Har yau in an tambaye ta sai ta ce ciwon ciki ne ya ɗauke shi. Ni ce ma na zama mai baƙin baki.

Maman Boy:
Innalillahi. Allah ya ba ku haƙuri, Yaya. Mu ma a cocinmu haka wata ta ɓoye na mijinta.

Mai Kemis:
Allah ya jiƙansa. Amma ba kowane kemis ne zai ba da Flagyl ya yi shiru ba, kada a haɗa mu duka. Sachet ɗin ORS 150 ne a wurina.

Uwar Biyu:
300 na saya makon jiya a kasuwar Terminus, nan Jos.

Ɗan Rikkos:
Ba sai an saya ba. Kwalbar lemo biyu na ruwa, sukari cokali 10, gishiri cokali 1. Haka aka koya wa iyayenmu a asibiti.

Anti Nas:
Wannan tsohon awo ne. Yanzu lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kuma a kama hanyar asibiti ana ba shi, ba a zauna ana jiran ya tsaya ba.

Ɗan Rikkos:
To Anti, da tsohon awon aka raine mu, ga mu nan garau. Ku kullum sai kun canza magana.

Tsohon Malami:
A bar wa masu lafiya awonsu, amma zaɓen kalma fagenmu ne. Mutanen Kenya da Tanzaniya ba su ara ba, "kipindupindu" suke cewa, kuma ba ta hana su kamuwa ba.

Baƙin Bature:
Baba Malam, da girmanka, tarihin kalma ba ya ƙarin ruwa. Anti ce ke kwana da marasa lafiya.

Ɗan Gangare:
Na gode. Nawa ake buga kwafi 1,000 yanzu? An ce mini dubu 38.

Maman Boy:
Sun cuce ka, dubu 22 muka buga na taron mata.

Sarkin Zolaya:
Naku baƙi da fari ne, Mama. Shi mai kala yake so, har da hoton ƙwarya biyu.

Ɗan Rikkos:
Ku rubuta duk abin da kuka ga dama, "a wanke hannu da ruwa mai tsabta" za ku ce. Ina ruwan? Famfonmu tun kafin azumi iska yake fitarwa, takardar biyan kuɗi kuwa ba ta taɓa makara ba. Jarka ɗaya 200 a wurin 'yan garuwa, kuma ba ka san inda suka ɗebo ba.

Uwar Biyu:
250 a wajenmu, in rana ta yi zafi 300. Kuma ku leƙa kogin Dilimi da safe ku ga abin da ake zubawa, da shi ake ban-ruwan latas da kabejin da muke ci ɗanye.

Mai Kemis:
Kansilanmu ya yi alkawarin borehole tun lokacin kamfe. An kawo mota, an haƙa rabi, an ɗauki hoto, an tafi. Yanzu ramin ya cika da shara, shekaranjiya akuyar maƙwabcina ta faɗa ciki.