Zango ɗaya a Jamus: waɗanda suka je, ku ba ni labari

Bakatsiniya: Assalamu alaikum. Sunana ya fito cikin waɗanda sashenmu na jami'a zai tura Jamus a ƙarƙashin Erasmus+, shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, daga Oktoba zuwa Fabrairu. Ko Maraɗi ban taɓa tsallakawa ba. Hajiyarmu ta amince, amma na ga hankalinta bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Zariya: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sanya alheri. Kafin ki sayi rigar sanyi, ki kula da takardar yarjejeniyar kwasa-kwasai, wadda ke kanki da makarantarku da makarantar can za ku sa wa hannu. Cikakken zango a tsarinsu maki 30 ne na ECTS, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai na jami'o'in Turai. Ni da na isa na tarar ɗaya daga cikin kwasa-kwasan da na zaɓa da Jamusanci ake koyar da shi, sai na canza da wani, na sanar da malamina na gida ta waya kawai. Na ci jarrabawar, na dawo, aka ce babu shi a takarda. Sai da na maimaita kwas ɗin, abokaina suka tafi bautar ƙasa suka bar ni. Har yau abin na ci min rai. Duk canjin da kika yi, a sa hannu a kai.

Sannan cikin kwana 14 da shiga ɗakinki ki je ofishin gari ki yi rajistar adireshi. Kuma idan kika ga 1,3 a sakamako kada gabanki ya faɗi, a can 1,0 ne ƙoli, 4,0 ne tsira da ƙyar.

'Yar Damagaram: 'Yar'uwa, ni a Leipzig na yi nawa, kuma karatun bai ba ni wahala kamar duhu ba. A watan Disamba sai bayan ƙarfe takwas rana ke fitowa, ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke haɗuwa, kina tsakiyar lacca. Sati biyu ina shimfiɗa ɗankwalina a lungun laburare, tsakanin kantocin littattafai, ina salla gabana na faɗuwa. Wata Baturkiya ta gan ni, ta jira na sallame, ta kama hannuna ta kai ni wani ɗan ɗaki da ɗalibai Musulmi ke salla. Ita ta nuna min shagon da ake sayar da naman halal. Ranar nan na yi kuka a ɗakina, na farin ciki.

Ki tafi da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. Kilishi kuwa ki bar shi a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama a jakar matafiyi. Ki kuma sani ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke. Ni daren Asabar na sauka, da biskit ɗin jirgi na wuni.

Malam na Tudun Wada: Abin da ya burge ni, idan malami ya gama lacca ɗalibai ƙwanƙwasa tebur suke yi, ita ce godiyarsu. Kuma kowane malami na da lokacin ganin ɗalibai a ofis. Ki je, 'yata, kada kunya ta hana ki. A irin wannan zaman na samu wanda daga baya ya duba min aikin digirina na uku.

Bakatsiniya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya Ɗan Zariya, ranar Litinin zan je wurin shugaban sashe da takardar. Anti 'Yar Damagaram, na karanta wa Hajiya labarin Baturkiyar nan, ta yi shiru, can ta ce gobe za ta aika a dako min yaji.