Ƙirƙirarriyar basira a garin da ba wuta

Ɗan Kurna: Jama'a, ni dai haushi ya ishe ni. Tun jiya aka ɗauke mana wuta, cajin da nake rubutun nan da shi ma sai da na biya mai caji. Ina buɗe waya sai ga wasu a ɗakin taro suna ta tafi, wai Najeriya za ta shige gaba a ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Da wace wutar? A watan Satumbar 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin Constellation a Amurka, za a sake tayar da tashar nukiliya ta Three Mile Island mai megawat 835, don kawai a ciyar da cibiyoyinsa na kwamfuta. Kamfani ɗaya fa! Mu kuwa mutum sama da miliyan 200 muna wawason megawat dubu huɗu zuwa biyar. A harkar nan mu 'yan kallo ne, a daina yaudarar kai.

Injiniyan Samaru: 'Yan kallo su wa? In kai ɗan kallo ne ka faɗi sunanka kai kaɗai, kada ka yi mana kuɗin goro. Akwai yaranmu da ke kwana suna rubuta manhaja da sola ɗaya da batir.

Ɗan Kurna: Manhajar tasu a kan injin wa take gudu? Na Amurka. To me ya rage?

Maman Sadiq: Haba Malam, kalmar ce ta yi nauyi. Ɗan kallo ai wanda ya naɗe hannu ne. Ka ce an bar mu a baya, wannan kowa zai yarda.

Sarkin Tsokana: Hajiya, ɗan kallo ma da darajarsa, ya biya kuɗin ƙofa. Mu ta katanga muke leƙe.

Injiniyan Samaru: Irin wannan raina kan shi ya kashe mu. Kullum a bakinku Bahaushe ba ya iya komai.

Ɗan Kurna: Ina na ambaci Bahaushe? Koma ka karanta.

Malamin Kimiyya: Ku bari mu koma kan batun, don akwai abin dubawa. Waɗannan cibiyoyin kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira ke gudana a kansu manyan rumbuna ne cike da dubban na'urorin lissafi, galibi na kamfanin Nvidia, suna aiki dare da rana. Zafin da suke fitarwa sai an sanyaya shi, shi ya sa ban da wuta suna shan ruwa mai yawa. Kuma ba sa jure ɗaukewar wuta ko ta daƙiƙa kaɗan. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, tana kuma hasashen abin zai ninka kafin 2030. Ko a Afirka, da Microsoft da kamfanin G42 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sanar da shirin cibiyar dala biliyan ɗaya a 2024, Kenya suka nufa, yankin Olkaria, inda ake samar da wuta daga tururin ƙarƙashin ƙasa. Mai kuɗi wuta yake bi.

Sarkin Tsokana: Malam ya fara lacca, a kawo tabarma.

Na Gaban Goshi: Duk wannan adawa ce kawai. Ba ku ji minista Bosun Tijani ya ce za a shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa kilomita 90,000 ba? Wanda ke wannan aiki ne ɗan kallo?

Ɗan Kurna: Wayar intanet tana kunna ƙwan fitila? A Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, kwana nawa Arewa ta yi a duhu? Tashar wutar ruwa ta Mambilla fa, tun muna yara ake faɗarta.

Na Gaban Goshi: Naku gwanin da ya yi mulki me ya hana shi gina ta?

Ɗan Maraɗi: Ku ne ma kuke kukan duhu? Ku da kuka yanke mana wuta a 2023 bayan juyin mulki. Nukiliyar da kuke ta yabo kuma da me take aiki? Da yuraniyom. Faransa ta shekara da shekaru tana kwasar na Arlit muna kwana da aci-bal-bal.

Injiniyan Samaru: Ɗan uwa, wutar ai tamu ce, daga Kainji.

Ɗan Maraɗi: Ruwan da ke juya injinan Kainji ta ina yake biyowa? Ta Yamai. Ku gode wa Allah.

Maman Sadiq: Subhanallahi, ku ji tsoron Allah, Katsina da Maraɗi ai gida ɗaya ne.

Sarkin Tsokana: Hajiya, ki bar su. Wasan 'yan uwa ne, mu yanzu ga mu mun zama 'yan kallo na gaske.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. A taƙaice, yawancin mahalarta sun amince cewa kalmar 'yan kallo ba ta dace ba, kuma matasanmu suna ƙoƙari, gwamnati ma ta ɗauko hanya, sai dai a ƙara haƙuri. Batun wuta ƙaramar matsala ce da sola za ta magance. Muna fata Ɗan Kurna zai janye kalmarsa. Wanda ya sake kawo siyasa zan cire shi.

Ɗan Maraɗi: Shugaba, yawancin su wa? Ni ba a tambaye ni ba. Ina batun Kainji a taƙaitawar taka?